Kallon kokowa daga matakalar filin Kantu

Idan kaka ta ƙare a ƙasar Gazawa, aka ɗaure damman gero aka kai rumbu, aka kakkaɓe riɗi, aka tone aya aka shanya, sai kiɗan ganga ya soma tashi da dare daga wannan ƙauye zuwa wancan. Kokowa ce ta kama. Ba a rubuta ranarta a takarda. Farin wata da cikar rumbu ke kiran ta. Samari su share dandali, dattawa su zauna gaba, mata su tsaya baya da guɗa, kuma duk wanda ya kayar da gwanin ƙauyen maƙwabta, sunansa zai riga shi isa kasuwa. Daga irin wannan dandali ne ake tsinto ƴan kokowar da ke hawa mataki-mataki, daga gunduma zuwa jaha, har wasu su shiga cikin goman da ke ɗaukar sunan Maraɗi zuwa gasar takobi ta ƙasa.

Ita wannan gasa zagayawa take yi daga jaha zuwa jaha, galibi cikin sanyin hunturu. Shekarar da ta sauka Agadas ko Difa, mutumin Gazawa sai ya haƙura da Muryar Sahel ko akwatin tele na mai shayi. Amma shekarar da zagaye ya kawo ta Maraɗi, to magana ta sake. Gazawa na bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, Tasawa na arewa maso gabas da ita, Agye na yamma, kuma tun 2011 aka raba ta da Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Tsakaninta da birnin Maraɗi kimanin kilomita 100 ne. Ga ma'aikacin gwamnati wannan tafiyar hantsi ce. Ga manomi kuwa lissafi ne na tiyar aya nawa za a kai kasuwa kafin a haɗa kuɗin mota, da na shiga fili, da na abin da za a sa a baki. Duk da haka motocin haya kan cika tun da asuba. Su bar gorubar Gulbin Kaba a baya, su ratsa gonakin Agye inda gawo ke fid da ganye a lokacin da sauran itatuwa ke zubar da nasu, su tsaya Cadawa a ƙara fasinja bisa fasinja. Daga yamma ma haka mutanen Gidan Rumji da Gobirawan Tsibiri ke kwararowa, a haɗu a bakin ƙofa guda.

Filin kokowar Maraɗi na ɗauke da sunan Yakuba Ango, wanda duniya ta fi sani da Kantu. Shi ne ya ɗauki takobin farko a Tawa cikin 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, lokacin da hukuma ta ɗauko kokowa daga dandalin ƙauye ta yi mata doka da alƙalai. Bayansa jahar ta fid da irin su Labo Maikafo da Umaru Bindigau, shi ya sa ɗan kallon Maraɗi ba ya shiga filin nan da ladabin baƙo. Shiga yake yi kamar mai gadon gida.

Tsarin wurin ba shi da wuyar ganewa. A tsakiya akwai da'irar rairayi da aka kewaye da buhunan ƙasa. Kewaye da ita matakalai ne na siminti, suna hawa sama kamar bakin ƙwarya. Gefe guda akwai rumfar manya, inda gwamna da perehe-perehe da sarakuna da alhazan birni ke zama cikin inuwa. Sauran jama'a rabonsu rana da ƙura, sai mai ruwan leda da mai rake da mai gyaɗa su riƙa ratsa su suna taka ƙafafu suna ba da haƙuri. Masu karatun wannan shafi da yawansu ƴan inuwa ne, kada su ji haushi in aka ce ba a rumfarsu ake sanin kokowa ba. A can ana gaisawa ne, ana duba wanda ya zo da wanda bai zo ba, ana jiran lasifika ta faɗi jikka nawa alhaji wane ya yi kari. Wanda ke son ya fahimci abin da ke gudana cikin rairayi, sai ya hau matakalar rana ya zauna kusa da tsohon da ya taɓa ɗaura walki a ƙauyensu. Tun kafin a kama, daga yadda mutum ya ajiye ƙafarsa ta hagu, tsohon nan zai ce wa yaron da ke gefensa: «Ɗana, dubi wancan, taɗiya yake nema.» Yaro ya ce: «Baba, ai ɗayan ya fi shi ƙarfi.» Tsoho ba zai ƙara magana ba, sai rairayi ya ba da amsa.

Jahohi takwas ke karawa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace ta zo da mutum 10, jimla 80 ke nan, kuma kowace jaha sai ta gamu da sauran bakwai ɗaya bayan ɗaya, safe da marece, har wajen kwana goma. A nan ne ɗan kallo na sosai ke riƙe da lissafi biyu a kansa. Na farko shi ne na takobi: duk wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman sa, saboda haka kullum adadin waɗanda ba a kayar ba raguwa yake yi, har a wayi gari saura ƴan ƙalilan. Wannan lissafi shi rediyo ke maimaitawa, shi ake gardama a kansa a tasha da ofis. Na biyu kuwa shi ne na jaha: kowace karawa tsakanin jahohi biyu kokowa goma ce, kuma kowace kayarwa ana rubuta ta da sunan jahar, ko wane ne ya yi ta.

Wannan lissafi na biyu shi ne wanda ba a cika ganinsa a tele ba, alhali shi ne ƙashin bayan gasar. Ɗan kokowar da aka kayar tun ranar farko ba ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Gobe zai sake fitowa, jibi ma haka, ya san takobi ya wuce shi bana, ya san makaɗa ba za su ɓata fatar ganga a kansa ba, amma dole ya shiga. Kuma shi ne mutum mafi haɗari a filin, domin ba shi da abin da zai rasa. Gwanin da ba a kayar ba yana shiga ne da taka-tsantsan, yana ja da baya, yana kare ƙafa, wani lokaci har jama'a su gaji su yi masa ihu, alƙali ya yi masa gargaɗi. Shi kuwa kayayye faɗawa yake yi gaba ɗaya. Sau da yawa irinsa ne ke tuge babban bango, ya share wa wani ɗan jaharsu hanya, shi kuma ya koma ƙauye da abin da bai taka kara ya karya ba. Mai takobi na tashi da miliyoyin sefa, da doki, da kyautar alhazai, kuma ya cancanta. Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, ba da sa'a ya tara su ba. Sai dai ratar da ke tsakanin mutum ɗaya da sauran 79 ta yi yawa, kuma daga cikin 79 ɗin nan ne ƙauyuka ke samun masu koya wa yara kamu. Abin takaici, su kansu ƴan kallo na da laifi a nan: ranar da gwanin gida na ƙarshe ya faɗi, sai ka ga matakalai sun yi sako-sako, kamar sauran goman ba ƴan jahar ba ne.

Akwai kuma abin da sai wanda ya zauna a wurin ke sani, wato tsawon jira. Kafin minti biyu na kokowa, ana iya share rabin sa'a ana shiri. Ɗan kokowa ya shigo da riga cike da layu da guraye, ya durƙusa ya shafi ƙasa, ya zuba wani ruwa a ka, ya juya gabas ya juya yamma, sa'an nan a tuɓe masa kayan ɗaya-ɗaya. Wani ya ɗaga hannu ya yi kirari har jijiyar wuyansa ta fito. Cali-cali, wato masu ban dariyar fili, su shiga suna kwaikwayon faɗuwar da aka yi ɗazu, har wanda aka kayar ya murmusa. Tsofaffin ƴan kallo kuwa, da ganga ta tashi sai su tuna Sagalo, su ce makaɗan yanzu ba su kai ba; haka tsofaffi ke cewa a kowane fage. Sa'an nan a busa usur, dubban mutane su yi tsit, har kana jin numfashin mutum biyu da ke tsakiya. Wannan shirun ba ya shiga rediyo, domin mai ba da labari ba ya iya yin shiru.

Ƴan kasuwar da ke zuwa Gwangzu ta ƙasar Sin saro kaya sun ga wani wasa da mutanen can ke so kamar yadda ake son kokowa a nan. Sunansa badminton: ana kafa raga a tsakiya, ana bugun wata ƴar ƙwallo marar nauyi mai gashin tsuntsu 16. Shi ma asalinsa wasan mutum da mutum ne, amma a gasar ƙasashe ta kofin Thomas ana haɗa karawa biyar, ƙasar da ta ci uku ta yi nasara. A wannan birni na Gwangzu, cikin 2002, Indunusiya ta sha kaye a karawa biyu na farko na mutum ɗaya-ɗaya, amma ta doke Maleshiya 3 da 2, sai a karawa ta biyar aka raba gardama. Mutumin Gazawa bai taɓa riƙa sandar wasan ba, amma da za a zaunar da shi a wancan zaure, lissafin ba zai ɓace masa ba.

Kokowar ma tana da nata fagen na ƙasa da ƙasa. An sa ta cikin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai cikin Disamban 2005, kuma ƙungiyar CEDEAO ta daɗe tana shirya gasarta, wadda Yamai da Dakar suka sha karɓa. A can kowace ƙasa na kawo mutum biyar, kowane da ajin nauyinsa, daga kilo 66 zuwa sama da 100, ba kamar gasar takobi ba inda ƙaramin jiki ke iya faɗawa hannun ƙato. A irin wannan rana ce Bamaraɗe ke yi wa ɗan Damagaram guɗa, shi da jiya yake roƙon Allah ya kayar da shi, domin abokin karawar yau Basanagale ne. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, kuma gasar da aka yi a Abuja cikin Maris na 2025, Sanagal ce ta ɗauke ta ba tare da ta gamu da ƴan Nijar ba. Su kuwa ƙauyukan kudancin Gazawa, iyakar jihar Katsina na kusa da su fiye da birnin Maraɗi, kuma idan kaka ta yi kyau, ganga na jiyuwa daga wannan gefe zuwa wancan, samari su ɗauki walki su bi ta cikin karan gero.