Sabon Babur Baƙo Ne, Ko a Hannun Gwani

Duk wanda ya taɓa ajiye ƙaton babur a bakin hanya a garuruwanmu ya san tambayar da za a fara yi masa: "Malam, cc nawa ne?" Ta biyu kuma ita ce, "Gudu nawa yake yi?" Tambayoyi ne na sha'awa, kuma ba na raina su. Sai dai bayan na shafe shekaru ina hawan irin waɗannan babura, har uku daga cikinsu suka ratsa hannuna, na gamsu cewa girman inji shi ne mafi ƙanƙantar abin da mahayi yake bukatar sani. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne halin babur, kuma hali ba a karanta shi a takarda.

Baburan da nake nufi su ne waɗanda Turawa suke kira kuruza: dogaye, masu nauyi, mazauninsu a ƙasa-ƙasa, hannayensu a buɗe, mahayi yana zaune ƙafafunsa a miƙe gaba. Asalinsu Amurka ne, inda aka kafa kamfanin Indian a 1901, sannan Harley-Davidson a 1903 a birnin Milwaukee. An ƙera su ne domin dogayen hanyoyi miƙaƙƙu, inda mutum zai yi awanni bai sha kwana mai tsanani ba. Daga baya kamfanonin Japan suka shiga wannan kasuwa da nasu samfuran. Yawancin waɗanda suke iso mana na hannu ne, sun gama wata rayuwa a can kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano.

Na farkon da na mallaka shi ne Yamaha Road Star mai cc 1602, wanda aka fara fitarwa a 1999. Injinsa silinda biyu ne, iska ce take sanyaya shi, kuma bel ne yake juya tayar baya a maimakon sarƙa. Babur ne mai haƙuri. Ƙarfinsa yana zuwa tun inji bai ɗau zafi ba, don haka ba ya bukatar a yi ta sauya masa giya. A hanyar Zariya zuwa Funtuwa nakan saka shi a giya ta biyar in bar shi yana ta bugun nan nasa mai kama da kiɗan tambari daga nesa. Idan aka murɗa masa totur yakan amsa cikin natsuwa, tamkar dattijon da aka yi wa sallama.

Bayan shekara huɗu na sayar da shi na ɗauki Suzuki Boulevard M109R, mai cc 1783, wanda ya fito a 2006. A lissafi, bambancinsu bai kai cc 200 ba, amma a kan hanya sai ka ce ba dangi ɗaya ba ne. Wannan ruwa ne yake sanyaya injinsa, kuma farfela ce take kai ƙarfi ga tayar baya. Injinsa yana son a tsokane shi. Gwargwadon yadda ya ɗau zafi, gwargwadon yadda yake ƙara fizga. Murɗar da za ta sa Road Star ya ɗan ƙara sauri, ita ce za ta sa wannan ya zabura har mutum ya ji kafaɗunsa sun ja baya. Faɗin tayarsa ta baya milimita 240 ne, abin burgewa ga mai kallo, amma ga mahayi ma'anarsa ita ce sai an danna shi da niyya kafin ya kwanta a kwana, kuma da an sassauta yake neman miƙewa. Birkinsa na gaba faifai biyu ne masu kamu ƙwarai, yatsu biyu sun isa.

Na ukun, Harley-Davidson Road King mai cc 1690, musaya muka yi da wani abokina na tsawon wani dogon hutu. Shi ne mafi nauyi a cikinsu, ya haura kilo 360. A tsaye yana karkarwa har madubi ya riƙa rawa, domin silindojinsa biyu, waɗanda suke da kusurwar digiri 45 a tsakaninsu, ba sa tashi a tazara daidai. Daga nan ne sautinsa da ya yi suna yake fitowa, sautin da kamfanin ya nemi yi wa rajista a matsayin mallakinsa a 1994, kafin ya janye neman a 2000. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi. Da zarar an tashi kuwa, karkarwar sai ta lafa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk da nauyinsa, ya fi sauran biyun sauƙin juyawa a ƙuntataccen wuri, saboda tazarar da ke tsakanin tayoyinsa ta fi tasu gajarta. Ba banza ba ne rundunonin 'yan sanda da dama a Amurka suke aiki da shi.

Ƙasarmu ma tana da nata hukuncin a kan kowannensu. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Kano, injin da iska take sanyayawa yakan gasa cinyar mahayi idan cunkoso ya riƙe shi, shi kuwa mai lagireto ya fi jurewa. Bel ba ya bukatar mai kamar sarƙa, amma tsakuwa guda a hanyar burji tana iya huda shi. Farfela a rufe take, ƙura ba ta dame ta ba. Dukansu kuma cikinsu yana kusa da ƙasa, bai wuce taƙi guda ba, don haka tudun rage gudu da ake ginawa a ƙauyukan bakin titi sai an hau shi a karkace kuma a hankali.

Mai karatu zai iya tambaya, to wanne ya fi? Amsata ita ce kowanne yana da inda ya yi zarra, kuma wannan tambaya ba ita ce ta fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne kwanakin farko bayan an sauya. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Jikin mahayi yana haddace baburinsa: yawan murɗar totur, inda kuloci yake fara kamawa, tazarar da birki yake bukata, iyakar kwanciya kafin matakin ƙafa ya karci kwalta. Idan ya hau wani, ƙwaƙwalwa ta san an sauya, amma hannu da ƙafa suna nan a kan tsohon karatu. Hatta sigina ta bambanta: baburan Japan maɓalli ɗaya ne a hannun hagu, Road King kuwa kowane hannu da nasa. Daƙiƙa guda da za a ɓata ana laluben maɓalli a mahaɗar hanya ba ƙaramar asara ba ce. Shi ya sa nake ganin gwani ya fi ɗan koyo shiga haɗari a wannan lokaci, domin ɗan koyo yana tafe da tsoronsa, gwani kuwa ya bar nasa a gida.

Mahaya dawaki sun riga mu gane wannan. Babu mai hankalin da zai karɓi dokin da bai sani ba ya shiga hawan daushe da shi a ranar. Sai an yi ta fita kilisa, an san bakinsa, an san abin da yake firgita shi. Haka nake yi da duk babur da ya zo hannuna. Nakan kai shi fili da sassafe, in yi ta zagaye a tafiyar ƙafa, in gwada birki sau da yawa har in san inda yake tsayawa. A irin wannan tafiya ta sannu da birkin baya da kuloci ake sarrafa shi, domin wanda ya damƙi birkin gaba alhali kan babur yana karkace, ƙasa zai kai, kuma babu ƙafar da za ta tare kilo 350. Mako guda ba na ɗaukar kowa a baya, ba na kuma fita da dare.

Ɗalibaina da suke tare ni da maganar babur, waɗanda da yawansu ba su taɓa hawan abin da ya wuce Boxer mai cc 100 ba, abin da nake gaya musu ke nan. Tsakanin babur mai kilo ɗari da 'yan kai da wanda ya ninka shi uku akwai matakai, kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya. A nemi lasisi na ajin A, wanda doka ta tanada wa masu babur. A sa hular kwano da takalmi mai rufe idon sawu, a kuma ajiye babbar riga, kada taya ta naɗe ta. Wanda ya yi shekara goma a kan babur ɗaya kuma, ranar da ya hau wani daban, ya ɗauki kansa ɗan aji ɗaya har sai hannunsa ya koyi sabon hali. Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.