Tuƙin Mota a Hanyar Warra

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan in ba masu karatu labarin hanyar Warra ta ƙasar Yawuri, kudu da Yelwa, a bakin tafkin Kainji wanda aka tare ruwansa a 1968. Gari ne na kifi da shinkafa, motoci ba su rabuwa da shi.

Baƙo in ya ga mota ta taso daga can tana tangaɗi, ta bar hannunta ta koma na wani, sai ya rantse direba ya sha giya. Sau da yawa kuwa ko ƙanshinta bai ji ba, watakila ma da alwalarsa. Ramuka yake kauce wa ba tare da ya rage gudu ba. Ga kwandunan bandar kifi an jibga a baya har gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya ƙi jin magana. Wani ya kwana lodi, gyangyaɗi yake yi. Wani in ya zo gangara sai ya kashe inji wai tsimin mai, birki ya yi tauri. Mafi muni, a ganina, shi ne mai miƙa wa karen mota tuƙi alhali fasinja cike.

Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 tana da na'urar gwada numfashin mashayi. Waɗannan duka za su hura ta su wuce lafiya lau, su sake ɗaukar matanmu da 'ya'yanmu zuwa Yelwa.

Naka,
Wani Akawu, Yelwa.