Targaɗe Ko Karaya? Hoto Ya Raba Gardama

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ku saurari abin da ya same ni.

Wata rana da kaka na diro daga amalanke ɗauke da damen hatsi. Ƙafata ta dama ta faɗa rami, ta lanƙwashe ciki. Kafin magariba idon sawu ya kumbura, ya yi baƙi. Aka kira maɗori. Ya ja, ya murɗa, ya ce karaya ce, ya ɗaura karare. Kwana 10 ina kwance. Hatsi na gona, ajin yaƙi da jahilci na rufe, kumburi bai sauka ba.

Wana ya ce: "Malam, kai ke ce wa mutane su je likita. Kai fa?" Kunya ta kama ni. Muka tafi asibitin birni.

Likita ya danna ƙashin idon sawu ciki da waje. Ya ce in yi taku 4. Na kasa. Ya ce wanda ya kasa taku 4, ko ya ji zafi in an danna ƙashi, shi ne ke bukatar radiyo. Radiyo hoto ne na wani haske mai ratsa nama, ya nuna ƙashi. Wani Bajamushe, Röntgen, ya gano shi a 1895.

Hoto ya fito, ƙashi lafiya lau. Na ce to, kuɗina sun tafi banza. Likita ya yi dariya. Ya ce: "Yanzu mun san ba karaya. Amma radiyo ba ya nuna jijiya." Ya bayyana mini cewa jijiyoyi 3 ke riƙe idon sawu ta waje, kamar igiyoyin da ke riƙe rumfa. In ƙafa ta lanƙwashe ciki, ta gaban ce ta fi tsagewa.

Sai aka yi mini ekogarafi, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Shi da sauti yake aiki. Aka shafa wani mai, aka goga na'ura. A allo na ga jijiyata ta tsage, amma ba ta tsinke duka ba.

Aka naɗe ƙafar da bandeji. Aka ce in riƙa ɗora ta bisa matashi, in fara taka ta sannu sannu, daga baya in koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya. Bayan sati 6 na koma aji ba sanda.

Ban raina maɗori ba, ya yi iyakar saninsa. Amma hannu lalube yake yi, hoto kuwa gani yake. Targaɗen da aka yi wa sakaci yakan dawo, ƙafa ta riƙa gurɗewa a kan kunya. Manomi da makiyayi kuwa ƙafa ce jarinsu.

In kun kasa taku 4, ku je likita tun da wuri. Mace mai ciki ta faɗa kafin a yi mata radiyo.

Allah ya ba mu lafiya, amin.