Motar Kara da Motar Jami'a

Sa'ad da nake ƙarami a Kaugama, babu yaron da ya fi ni iya ƙera motar kara a unguwarmu. Nakan fere karan dawa, in yanka tsohon silifa in yi mata taya, in ja ta da zare har bakin kasuwa. Baba ya kan dube ni ya ce, "Kai dai ba ka da aikin yi."

Ran nan a aji malaminmu na kimiyya ya nuna mana hoton wata 'yar mota mai ɗaukar mutum ɗaya tak. Ya ce ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka ƙera ta, suka sa mata suna ABUCAR II. A 2015 suka kai ta birnin Rotterdam na ƙasar Holan, wurin gasar Shell Eco-marathon, tare da 'yan'uwansu na jami'o'in Legas da Benin. Na ce a raina, ashe wasan nan namu har manya na yi!

Da na ji an ce gasa, na zaci gudu ake yi. Akwai ta gudun kam, irin wadda ɗalibai ke yi a filin Silverstone na Ingila. Amma a wannan, gwani shi ne wanda motarsa ta fi nisan tafiya da mai kaɗan. Saboda haka ake rage mata nauyi ƙwarai, direba kuma ya kan kashe inji ya bar ta ta gangara da kanta. Kafin ma a bar mota ta hau titi sai alƙalai sun gwada birkinta da ɗamarar direba. Wadda ta faɗi nan, ta yi tafiyar banza.

Maganar man nan ita ta tsaya mini a rai. Muna da injin ban ruwa a fadama, inda Baba ke noman shinkafa da rani. Injin nan shan fetur gare shi kamar raƙumi ya sami rijiya. Bara sai da aka sayar da akuyar Inna aka sayi mai, don kada shinkafa ta bushe.

Da na je hutu na ba Baba labarin motar, na ce ina so in karanta aikin injiniya a Zariya. Ya yi shiru, can ya ce, "Nawa ka ci a lissafi?" Na sunkuyar da kai na ce arba'in da ɗaya. Ya ce, "To, in ka gama makaranta a haka, ga fartanya can tana jiranka."

Na roƙe shi ya bar ni in kwance injin in ga cikinsa, ya ƙi. Filogi kaɗai ya yarda na cire na goge. Yanzu kullum bayan sallar isha'i ina aji da littafin lissafi, sauro na cizo. Jarrabawa saura mako biyar.