Daga Sarkin Yamma zuwa tabkin Madarunfa: cinikin tsohon jirgi

A ƙarshen rani na raka wani yayana, tsohon malamin lakwal mazaunin Sarkin Yamma, zuwa bakin tabkin Madarunfa. Ya aje aiki, kuɗin sallama sun fito, ya ƙudurta zuba wani kaso cikin jirgin su, ya damƙa wa masunci su riƙa raba abin da aka kama. Sabon jirgi ya fi ƙarfinsa, domin katako da ƙusa sun yi tsada, saboda haka tsoho muka tafi nema.

Tabkin yana kudu da Maraɗi, kuma da damina ne gulbin Gabi da gulbin Maraɗi ke kawo masa ruwa. Baƙi sun fi saninsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi. A 2006 Nijar ta miƙa sunan wurin ga UNESCO, a 2019 kuma aka sa tabkin cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Mu dai gaisuwar sarkin ruwa muka fara yi, don ba a ciniki a gaɓa a bayan idonsa.

Jirage uku aka nuna mana, kife bisa laka. Yaya ya nufi wanda ya fi ƙyalli, sai wani dattijon masunci ya riƙo hannunsa.

"Malam, sabuwar kwalta bisa tsohon katako, tambayi abin da ta rufe."

Ya zaro wuƙa ya soka a gindin jirgin, ta shige kamar a kabewa. Na biyun ya bi shi allo allo yana ƙwanƙwasawa yana saurare, ya duba kawunan ƙusoshi ko tsatsa ta cinye su, ya ce a tura shi ruwa. Nan da nan ya fara yoyo, Yaya ya ɓata fuska. Dattijon ya yi dariya. Jirgin da ya daɗe a tudu dole ya sha ruwa, in ji shi, sai katakon ya kumbura kafofin ke rufewa. Shaidar da za a karɓa ita ce ta gobe da safe. Muka kwana. Da asuba ruwan da ke ciki bai rufe idon sawu ba, sai kafa ɗaya da aka cusa wa tsumma aka bi da kwalta mai zafi.

Saura kayan aiki: filafili biyu, gwangwalar turi, kalli, mamari, da zago. Na taɓa gani a talabijin yadda Turawa ke nutsewa da tulun iska a baya, na'urar da Cousteau da Gagnan suka ƙera a 1943, suna harbin kifi ido da ido. A nan ruwan laka ne, mai nutso ko tafin hannunsa ba ya gani. Numfashi yake riƙewa ya lalubo ragar da ta maƙale. Zagon kuwa daga cikin jirgi ake sokar tarwaɗa da shi inda ruwa bai da zurfi. Rigar ceto ba mu ga ko ɗaya ba a gaɓar, abin da bai yi mini daɗi ba, har na matsa aka ɗaura jarka biyu marasa komai ƙarƙashin mazauni. Takardar izinin su kuma sai wajen ma'aikatan gandun daji, waɗanda ke kama raga mai ƙananan ido.

Da aka zo biya, dattijon ya nuna mana wata itaciya can nesa da gaɓa, ya ce yana yaro a gindinta ake ɗaure jirage. Rairayi na cike tabkin, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, ruwan gulbin Maraɗi sai ya ratsa ta kafin ya iso. Yaya ya daɗe yana kallon itaciyar. Daga nan ya ƙirga rabin kuɗin ya miƙa gaban sarkin ruwa.

"Ranka ya daɗe, sauran sai gulbi ya kawo."

Mai jirgin ya so ya ƙi, ya dubi ruwan, ya karɓa.