Guzurin Data: Abin Da Tafiyar Kumasi Ta Koya Mini

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, masu jiran su ji yadda za ta kaya tsakanin amarya da uwargida ku yi mini haƙuri. Wata baiwar Allah ce da za ta raka mijinta Kwatano ta tambaye ni, wai Anti data ta nawa zan saya ta ishe ni? Na fara ba ta amsa sai na ga abin ya fi ƙarfin saƙo guda, domin ni kaina sai da na zubar da hawaye a Kumasi kafin na iya wannan lissafi.

Bari in faro muku daga tushe. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, 'yar gungu ce. A wani tsibiri na tsakiyar kogin Kwara aka haife ta, kafin a gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya taso ya cinye gonaki da gidajen dubban mutane, aka kwashe su zuwa tudu. A wannan shekarar ce yayanta, wato Kawu, ya ce shi ba zai zauna a gidan da bai san ƙasarsa ba, ya bi masu fataucin goro ya nufi Gana. Ba baƙuwar hanya ba ce ga mutanenmu, tun zamanin ayarin Gwanja fatake ke ƙetare ruwa ta ƙasar Yawuri. Ko da gwamnatin Busiya ta kori baƙi a 1969, shi Allah bai sa ya dawo ba. Ya yi aure a Kumasi, ya yi 'ya'ya da jikoki.

Ina yarinya nakan ga direbobin goro sun kawo wa Inna kaset. Sai ta kulle ɗaki ta kunna rikoda ta yi ta sauraren muryar yayanta har batir ya mutu. Zuwansa gida na ƙarshe a 1991 ne, rasuwar kakanmu. Da kakarmu ta rasu bayan shekara shida bai zo ba, bai aiko ba, daga nan kaset ya ɗauke, zumunci ya yanke.

Littafina ne ya sake haɗa mu. Wata mai karatu a unguwar Aboabo ta ga sunan gungun su Inna a cikin wani labarina, ta rubuto mini ta Facebook cewa ai kakanta kullum sunan nan ne a bakinsa. Ashe jikar Kawu ce. Muka yi ta murna, amma da aka kai masa waya ya gaisa da ƙanwarsa sai ya kau da kai, ya ce shi bai da fuskar da zai yi mata magana ta cikin akwati, sai dai in jinin gidansu ya zo ya zauna a gabansa. Inna kuwa ciwon gwiwa da hawan jini ba za su bar ta ta yi doguwar tafiya ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, zumunta a ƙafa take, ni kuma tawa ƙafar ta ƙi. Ki ara mini taki."

A watan Nuwamba na 2024 na shirya, ni da ƙanin maigidana. Komai na auna shi. Na auna busasshen kifin da zan kai tsaraba, na auna albasar Yawuri, na canza Sefa da Sidi, na nemi katin rigakafin shawara na haɗa da fasfo. Abu ɗaya ne ban auna ba, shi ne data. Na dai je wurin wani yaro mai shagon caji a Yelwa na ce ya sa mini wadda za ta yi aiki a ƙasar waje da layina na gida, abin da suke kira romin. Ya sa mini GB 2 da kuɗi masu ciwo, ya ce, "Hajiya wannan ai har ki dawo." Ni kuma na yarda, don ban taɓa tambayar kaina nawa nake ci a rana ba.

Muka kama hanya, Kwantagora, Mokwa, Jebba, Ilori, Badun, har Legas. Muka ƙetare iyakar Seme muka shiga Benin, muka ratsa Kwatano, muka wuce Lome, muka shiga Gana ta Aflawo, daga Akra muka hau motar Kumasi. Kwana uku cur. To mai karatu ka san zaman mota, me mutum zai yi in ba latsa waya ba? Tun daga Seme na kunna data ban sake kashewa ba. Na kalli bidiyon girki, na kalli na biki, na ɗauki teku a Lome na tura wa ƙawaye. Ga ni a cikin zaurukan WhatsApp na makaranta littattafai sun fi 40, kowane ana ta zuba hotuna da bidiyo, wayata kuma tana kwashewa da kanta ba tare da ta yi shawara da ni ba.

Na samu Kawu ya tsufa ƙwarai, ji ya ragu, amma da ya dube ni sai ya ce, "Goshin uwarmu ne wannan." Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Bayan sallar isha'i ya yi shiru can, sannan ya ce, "To kira ta."

Jikina na rawa na kira wayar 'yata a Yelwa, kiran bidiyo. Ƙarfe takwas ne a Kumasi, tara a gida, don Gana tana bayanmu da awa ɗaya. Fuskar Inna ta fito. Suka tsaya suna kallon juna, shekara 33 ba su ga juna ba. Ta ce, "Yaya." Ya ce, "Na'am." Aka yi gaisuwa, aka tambayi yara. Sai Kawu ya gyara zama ya ce, "Maganar rasuwar Iya, ni dai ina son ki..." Sai hoton ya tsaya cik, ya ɗauke.

Minti huɗu kacal aka yi. Na duba sai ga saƙo wai datata ta ƙare. Jikarsa ta ruga ta ɗauko tata wayar, ina ta cewa Kawu wallahi data ce, data ce ta ƙare. Ina! Tsoho bai san wata aba data ba. Abin da ya sani shi ne ya buɗe baki zai nemi gafara, ƙanwarsa ta ɓace daga gabansa. Ya ce a hankali, "Ta kashe. Ta yi daidai." Ya juya ya fuskanci bango. A can gida kuma Inna ta ɗauka shi ne ya fasa. Daren nan ban runtsa ba. Na yi tafiyar kwana uku, na ƙetare iyaka uku, na zo na ɓata abin da aka aiko ni saboda bidiyon yadda ake dambun kifi.

Washegari jikar Kawu, wadda ke karatun jinya, ta karɓi wayata ta shiga wurin saiti, ta nuna mini shafin da waya ke rubuta abin da kowace manhaja ta ci. Kunya ta kama ni. Daga Seme zuwa Kumasi, WhatsApp ta ci kusan MB 900, mafi yawa bidiyon da ban ma buɗe ba. Facebook ta ci wajen 700. Manhajoji sun sabunta kansu da kusan 300. Taswirar da nake tsoron ita ce za ta cinye ko 50 ba ta kai ba. Ta sake komawa watan baya ta ce, "Anti, a gida ma GB 15 kike ci a wata." In ka raba 15 gida 30, rabin giga ke nan kullum. Ashe abin da yaron nan ya ce zai kai ni ya dawo da ni, guzurin kwana huɗu ne ko a ɗakina nake zaune.

Nan na ɗauko biro da littafin da nake rubutun labari, muka zauna muka yi lissafi irin na mai awon tuwon biki. Ga abin da na koya, ƙiyasi ne, yakan ɗan hau ko ya sauka gwargwadon waya da ƙarfin sabis. Giga ɗaya kusan MB 1,000 ce. Kiran bidiyo na WhatsApp yana cin wajen MB 5 a minti. Kiran murya kuwa kusan rabin MB ne a minti. Saƙon murya ya fi su sauƙi, na awa guda, wato tsawon kaset ɗin da Kawu ke aikowa da, bai kai MB 10 ba. Hoto biyar da aka tura ta WhatsApp wajen MB 1 ne. Amma kallon bidiyo a Facebook ko TikTok na awa ɗaya yakan lashe MB 500, wani lokaci ma fiye. Shi ne kurar da ke cikin garken.

Abin da ya fi ba ni dariya da tausayin kaina shi ne rubutu. Shafin labari mai kalma 2,000 da nake tura muku bai fi KB 12 ba, alhali sai KB 1,000 ke yin MB ɗaya. Muka lissafa littattafaina goma sha biyu, wahalar shekara ashirin, in rubutun zalla ne duka ba su kai MB 4 ba. Wato ba su kai nauyin minti ɗaya na ganin fuskar Inna ba. Allah mai iko.

Kwana bakwai suka rage mini a Kumasi, sai na jera su kamar haka. Na fara da abin da ya kawo ni: kiran bidiyo na minti 30 kullum, MB 150 sau bakwai, 1,050. Kiran murya ga maigida da yara minti 20 kullum, 70. Hotuna 35. Taswira 70. Kallon nishaɗi na kwata ɗaya a rana, na ba shi 150, shi ma 1,050. Jimla 2,275. Sai na ƙara kashi ɗaya cikin uku na ko-ta-kwana, domin mai guzuri ba ya auna daidai cikinsa, ya tashi GB 3 da 'yan kai. Jikar Kawu ta ba ni wani layinta na Gana da ba ta amfani da shi, muka sa GB 4 da kuɗin da bai kai rabin abin da na biya a Yelwa ba. A lokacin, a 2024, a Gana akwai MTN da Telecel da AT, a Benin akwai MTN da Moov da Celtiis, kuma kusan ko'ina layin ƙasar da kake ciki ya fi romin araha in za ka kwana biyu. Sai dai ka riƙe fasfo a kusa, don ba a sayar da layi sai da rajista.

Sannan muka toshe ramukan ɓera. Muka hana WhatsApp sauke hoto da bidiyo da kanta. Muka kunna wurin da ke rage cin data lokacin kira. Muka hana Facebook kunna bidiyo tun ban taɓa ba, muka hana manhajoji sabunta kansu. Na kuma tuna abin da da yawa ke mantawa, cewa kira baki biyu ne da shi: yadda yake ci a wurina haka yake ci a Yelwa. Na sa maigida ya loda wa wayar 'yata GB 2, na yi mata kashedin kada ta kalli ko fim ɗaya da ita, ta kuma tabbata wayar na da caji tun la'asar saboda halin wutarmu.

Gyaran waya bai ɗauki awa ɗaya ba, gyaran zuciyar Kawu ne ya ci kwana biyu. Da na rasa yadda zan fahimtar da shi, sai na ce, "Kawu, lokacin da kuke tafiya Gwanja, in jaki ya tsaya a hanya don dusarsa ta ƙare, laifin wanda ake kai wa kaya ne?" Ya ce, "Laifin mai jaki ne da bai auna ba." Na ce, "To ni ce mai jakin." Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi 'yar dariya. Na kunna masa saƙon murya da Inna ta aiko, na minti biyu, tana rantsuwa ba ita ta kashe ba, tana cewa ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Sau uku ya sa na maimaita masa, kunnensa manne da wayar.

A daren na uku aka sake kira. Wannan karon na kashe komai na wayar, na sa ta a caji, na jingina ta da kwanon sha. Ya ƙarasa maganar da ya fara. Ya ce lokacin rasuwar Iya kasuwa ta karye masa, ko kuɗin mota bai da shi, kunya ta hana shi aikowa hannu wofi, da shekara ta zagayo kuma kunyar ta ninka. Inna ta ce, "Yaya, da ka aiko ko da kaset ne." Suka yi kuka, mu ma muka yi. Daga nan suka shiga lissafin mutanen gungu, wane ya rasu, wance na Warra, wane na Shanga, har tsamiyar bakin mashaya da yanzu ke ƙarƙashin ruwa sai da suka tuna. Minti 47 suka yi. Da aka gama na duba, MB 230 da ɗoriya. Ban taɓa kashe kuɗin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

A hanyar dawowa na kashe data gaba ɗaya, sai in mun tsaya a iyaka in kunna in tura "mun iso lafiya" in sake kashewa. Taswirar hanya kuwa tun a Kumasi na sauke ta a waya.

To 'yar uwa mai zuwa Kwatano, da duk mai niyyar ƙetare iyaka, ba zan ce miki giga kaza ba, don ban san abin da zai kai ki ba. Ki duba abin da wayarki ta ci watan jiya ki raba gida 30, ki ninka da kwanakin tafiya. Ki zauna ki tambayi kanki wane kira ne in ya yanke ba za ki yafe wa kanki ba, ki fara cire masa rabonsa ki ajiye gefe. Abin da ya rage ki yi kallo da shi in kin ga dama.

Kawu ya rasu bayan azumin 2025. Kafin nan kusan kowace Juma'a sai sun yi hira da Inna. Saƙonnin muryarsa suna nan a wayar 'yata, takan kulle ɗaki ta saurara kamar da. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya bar zumunci. Ci gaban labarinmu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, daga Yelwan Yawuri.