Fuka a Gidanmu

Ni ɗan Ƙofar Wambai ne, kuma sana'ar gidanmu gwanjo. Da dilar gwanjo aka ciyar da mu, da ita ake biya mini kuɗin makaranta. To amma wannan dilar ita ce abokiyar gābar ƙanena, domin yana da fuka, wadda 'yan zamani ke ce wa asma. Da an yanke igiya ƙura ta tashi, sai atishawa, sai tari, sai ƙirji ya kama kuka kamar an matsa ɗan kyanwa. Tsofaffi suka ce gādo ne, wasu suka ce sanyi ne, kowa da jiƙon da zai kawo.

Abin da likitoci suka gano shi ne, jikin mai irin wannan fuka yakan ɗauki abin da ba ya cutarwa a matsayin maƙiyi. Garin faɗa da shi sai hanyoyin iska na huhu su kumbura, su tsuke, majina ta taru. A shekarar 1964 masana a ƙasar Holan suka nuna cewa babban mai laifi cikin ƙurar ɗaki wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, mai zama cikin katifa da tsumma. Nan gida ma an bincika. A 1975 Dakta David Warrell da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken masu fuka 106 a Zariya. Sun sami ƙwaron nan a ƙurar katifu, kuma kusan rabin majinyatan sun fi jin jiki da damina. Ashe hazon hunturu da muke ɗora wa laifi ba shi kaɗai ba ne, ƙwaron laima yake so.

Akwai kuma wata dabara ta saba wa jiki da abin da ya ƙi. Leonard Noon da John Freeman suka fara ta a Landan a 1911, suna yi wa masu atishawar bazara allurar garin furen ciyawa kaɗan-kaɗan. A 1954 William Frankland ya gwada ta a kan ƙa'ida, ya tabbatar tana aiki. Yau akan yi ta da allura ko ƙwaya a ƙarƙashin harshe, shekara uku zuwa biyar, a hannun likita, don takan tayar da ciwon. Wanda fukarsa ba ta lafa ba, ba a fara masa.

Mu dai abin da muka iya shi muka yi. Mahaifinmu ya ɗauke yaron daga buɗe dila ya mai da shi kan lissafi, ana shanya katifarsa a rana, an daina turaren wuta a ɗakinsa, kuma abin shaƙarsa ba ya barin aljihunsa, ko da maƙwabta na cewa wai sabo ake yi da shi.

Saura mu ɗaliban Hausa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 262 ke da fuka, 455,000 suka mutu. Amma duk bayanin nan da Turanci yake, uwata kuwa ba ta ji. Idan ba mu muka mai da shi Hausa ba, wa zai yi? Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.